Abin da Aka Ɗinke Cikin Bel

Da sunan Allah nake fara wannan magana, domin a kan hanyar zuwa ɗakinsa abin ya faru.

Mu biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu, ni da Yaya. Tun yana ƙarami aka ba da shi riƙo ga kawunmu a wajen Diggi, ƙasar Kalgo, ni kuwa na tsaya Gwandu gaban mahaifinmu, a makarantar allo da ke zaurenmu. Shi ya tashi masunci, da homar kamun kifi da gorar su, ni na tashi da alƙalami da tawada. Da yake mahaifinmu ake kira Malam, sai Yaya ya sa mini Malam Ƙarami, kuma har furfura ta cika mini gemu bai sauya ba. Idan ya zo ziyara yakan kama hannuna ya juya tafin, ya ce wannan hannu ko soyayyen kifi ba zai iya riƙewa ba. Ni kuma in ce ya karanta mini baƙi ɗaya in ba shi hulata. Haka muka tsufa.

Yaya mutum ne na asiri, kamar yawancin masuntan zamaninsa. Akwai kambu a damtse, layu a wuya, sannan wani guru mai kauri a ƙugu, wato ɗamarar fata da aka ɗinke magani a cikinta. Wannan gurun ba ya rabuwa da fatar jikinsa, ko cikin ruwa ko kan tudu, kuma ƙarƙashin riga yake ɗaura shi don kada ido ya gani. Ban taɓa yi masa wa'azi a kai ba. Yayana ne, kuma malamai ma ba bakinsu ɗaya ba a kan layar da ke ɗauke da ayoyi.

Bayan ya rage shiga ruwa ne babur ya kayar da shi a hanyar kasuwar Kalgo, gwiwar dama ta karye. Ɗori ya kama, amma ƙafar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan. Ko salla a zaune yake yi, ƙafar a miƙe gabansa kamar taɓarya.

Shekarar da Allah ya kira mu aikin hajji tare, ana saura 'yan makonni mu shiga sansanin alhazai, sai ga shi da hantsi an sauke shi ƙofar zaure da wani buhun taki a hannu. Ya sa na sallami ɗalibai. Ya zazzage buhun a kan buzuna: duk layunsa ne da kambuna, da gurun nan.

Ya ce, "Ɗauko reza. Ina son ka buɗe su ɗaya-ɗaya ka karanta mini. Ba ni zuwa gaban ɗakin Allah da abin da ban sani ba."

Na yi bisimilla na fara. Wasu na same su da ayoyi cikin rubutu mai kyau, na karanta masa, ya gyaɗa kai. Wata na tarar da hatimi da waɗansu sunaye da ban taɓa cin karo da su a littafi ba. Wata gashin dabba ne da guntun ƙashi. Duk bai damu ba, har yana dariya, yana tuna inda ya samo kowace. Sai muka zo kan gurun. Fatar ta yi baƙi ta yi tauri, sai da na sauya reza. Da na buɗe, abin da ke ciki ya faɗo kamar curin daddawa. Takarda ce a da, amma ruwan gulbi ya daɗe yana shiga yana fita, tawadar ta narke, takardar ta dunƙule. Na yi ƙoƙarin ɓanɓare ta da tsinke, tana marmashewa.

"Mi an rubuta?"

Na ce, "Yaya, ba ya karantuwa."

"Ko baƙi guda?"

"Ko guda."

Ya daɗe yana kallon abin. Wanda ya ɗinka masa ya rasu tuntuni, babu mai tambaya. Can ya ce, "Ke nan in an tambaye ni gobe kiyama, mi ka ɗaura tun kana saurayi har ka tsufa, mi ka dogara gare shi in ka shiga ruwa, sai in ce ban sani ba." Sai ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Wallahi, ba ni ƙara ɗaura wa ƙuguna wani abu ɗinkakke wanda ban san cikinsa ba."

Na ji nauyin rantsuwar, amma ban ga inda za ta tare shi ba. Takardun da ke da ayoyi muka ƙone cikin ladabi muka binne tokar a wuri mai tsarki, muka ci tuwon rana, ya koma Diggi.

Ranar tashinmu daga filin jirgi na Birnin Kebbi, rana ta take sosai lokacin da aka kira rukuninmu. Daga ni har shi ba wanda ya taɓa shiga jirgin sama. Matasa biyu daga cikin alhazai suka tallafe shi a matakala. Da muka shiga, wata ma'aikaciyar jirgin, baƙuwa ce ba ta jin Hausa, ta dubi ƙafarsa ta dubi takardunmu, sai ta yi mana nuni da layin farko, inda babu kujera a gabanka sai bango, kuma akwai filin miƙe ƙafa. Yaya ya zauna ya miƙe tasa, ya ce ashe su ma sun san girman tsoho.

Ni na ja bel ɗina na ɗaura yadda aka koya mana a bita. Na ji yana da kauri a gefe ɗaya, ban kawo komai a raina ba. Da na juya sai na ga Yaya riƙe da nasa a tafin hannu, yana mammatsa shi da babban yatsa kamar mai duba ƙwai a cikin kifi. Gefen bel ɗin ya kumbura, tsawonsa ya kai taƙi, an lulluɓe shi da wani abu mai kama da fata an bi shi da ɗinki.

Ya ce, "Malam Ƙarami, mi ke cikin wanga?"

A nan na gane inda muka kwana. Na ce ban sani ba, don ban sani ba ɗin. Ya ajiye bel ɗin a gefen cinya ya harɗe hannuwa.

Ma'aikaciyar ta zo tana murmushi, ta ɗauko bakin bel ɗin za ta ɗaura masa, ya girgiza kai. Ta sake gwadawa, ya sa hannu ya kare. Sai ta kira jami'in alhazai da ke rakiyarmu, wani mai matsakaicin shekaru wanda tun safe gumi bai bushe masa ba.

"Baba, lafiya? Bel ne fa kawai, irin na mota."

"Na san na mota, ɗana na da mota. Wancan ba shi da ciki. Wanga na da ciki."

"To ina ruwanka da cikinsa, Baba?"

Na jawo jami'in na gaya masa zancen rantsuwar a taƙaice. Ya dafe kai ya yi salati. Amma mutumin kirki ne, bai yi tsawa ba. Ya leƙa layin bayanmu ya ga bel ɗinsu siriri ne, ba kumburi, sai ya roƙi wani alhaji su yi musaya. Aka ɗaga Yaya aka kai shi. Ƙafar ta ƙi shiga. In ya zauna sai ta fito kan hanyar da ake wucewa, ma'aikaciyar kuwa ta nuna da hannu cewa hanyar nan ba a tare ta. Aka gwada wani wurin, haka. Aka dawo da shi kujerarsa ta farko yana haki.

A layi na biyu akwai wani mahauci daga Masama, tsaran Yaya. Mahauta da masunta abokan wasa ne, tun a sansani suke tsokanar juna. Ya miƙo wuya ya ce, "Jama'a ku zo ku gani, sarkin ruwa ya ji tsoron igiya! Da ba su karɓe wuƙata a ƙofa ba, da na feɗe maka shi yanzu ka ga hanjinsa."

Yaya ya ce, "Rufe mini baki, mai warin kitse. Kai ko mi aka ɗaura maka ɗauka kake, ai da igiya kuka saba."

Mutane suka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Jirgi ya cika, zafi ya fara damun tsofaffi, ana ta fifita da takardu. Jami'in ya je gaba ya dawo, ya durƙusa ya ce, "Baba, ba ni na ce ba. Matuƙi ba zai motsa ba sai kowa ya ɗaura. In ba za ka ɗaura ba sai dai ka sauka ka jira wani jirgin, kuma ban yi maka alkawarin kujerar gaban wancan ba irin wannan ba ce."

Yaya ya ce, "To miƙo mini sandata."

Mutum ne da ya haura saba'in, ga ƙafa, ga hawan jini. Wa ya san baɗi? Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Yaya, addini bai ƙuntata maka ba. Wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi ta alheri, yana iya warware ta ya yi kaffara. Ni zan tsaya maka a kan yadda ake yi."

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Na yarda da karatunka. Amma ka ji ni. Rantsuwa guda na yi don tafiyar ga, sannan in buɗe tafiyar da karya ta tun ƙafata ba ta bar ƙasa ba? Da wane ido zan dubi ɗakin?"

Na san hukuncin, amma zuciyar tasa ce. Na fara tunanin ko in sauka tare da shi, don ba zan iya komawa in gaya wa 'ya'yansa na baro shi a filin jirgi ba.

Ma'aikaciyar nan ce ta yi dabara. Ta tambayi jami'in abin da tsohon yake so, ya ce so yake ya san abin da ke ciki. Sai ta je bakin ƙofa, wadda ba a rufe ba tukuna, ta yi magana da wani. Jim kaɗan ga wani mutum ya shigo da riga mai ruwan ɗorawa a kan kayan aikinsa, ɗaya daga cikin injiniyoyin da ke duba jirgi kafin ya tashi. Daga Hausarsa na gane mutumin wajen Zuru ne, ga ɗan gicciye a wuyansa. Ya cire hular kunnen da ke kare shi daga ƙarar inji, ya tsuguna gaban Yaya ya gaishe shi yadda ake gaida uba.

Yaya ya ce, "Ɗana, farke mini shi in gani."

"Baba, in na farke shi kujerar nan ta tashi aiki, ba mai zama a kanta yau. Amma zan gaya maka abin da ke ciki, kuma zan nuna maka."

Ya ɗauki bel ɗin ya ɗora a tafinsa. Ya ce jaka ce ta wani yadi mai ƙarfi, an ninke ta an cusa. Ya kama hannun Yaya ya bi da shi har gefen kujera, ya ce ya taɓa, akwai ɗan bututu a nan. Bututun yana zuwa ga wata ƙaramar tukunyar iska a ƙarƙashin kujera, kusa da wata na'ura mai batir wadda aikinta kawai ta ji bugu. In jirgi ya daki ƙasa da ƙarfi, ko ya ci karo da wani abu yana gudu, na'urar za ta saki iskar, ɗinkin nan ya yage da kansa, jakar ta kumbura kafin ƙiftawar ido ta cika tsakanin mutum da bango.

Sannan ya ciro wayarsa ya nemo wani bidiyo da aka nuna musu wajen horo. Muka haɗa kai mu uku, mahaucin ma ya leƙo ta saman kujera. An ɗaure wani a kujera irin tamu, aka tura kujerar da gudu aka tsayar da ita farat ɗaya. Wani farin abu ya fashe daga cinyarsa kamar balan-balan, kansa ya faɗa ciki maimakon bango.

Yaya ya ce, "Inna lillahi! Bawan Allah ya rayu?"

"Ba mutum ba ne, Baba, mutum-mutumi ne na gwaji."

"Sake in gani."

Aka sake, a hankali wannan karon, har ana ganin ɗinkin yana buɗewa. Yaya ya juya ga mahaucin ya ce, "Ashe sana'arku ce. Hura iska cikin fata, kamar yadda kuke yi wa akuya." Mahaucin ya ce ai shi ya sa tun farko bai ji tsoro ba.

Na ɗauka an gama. Amma Yaya ya riƙe hannun injiniyan bai saki ba.

"Shina hana jirgi faɗuwa?"

"A'a, Baba."

"Shina maganin wuta?"

"Ba ya yi."

"Ruwa fa, in mun faɗa teku?"

"Wannan akwai rigarsa daban, za a nuna muku. Shi ba ruwansa da ruwa."

"To mi shi ke yi?"

Injiniyan ya ƙwanƙwasa bangon da ke gabanmu ya ce, "Kanka da bangon nan, shi ke nan aikinsa. Na baya suna da kujera kusa da su, ku kuwa akwai tazara, in an yi birki na haɗari jiki zai tafi gaba da ƙarfi. Ana so kada ka suma, don ka iya tashi a fitar da kai da wuri."

"Kullum shina aiki?"

Jami'in yana ta yi wa injiniyan alama da ido ya ce e a wuce wurin. Amma mutumin ya ce, "Muna duba shi a kan lokaci, kuma na wannan kujerar lafiyarsa ƙalau. Amma aikin hannun ɗan Adam ne, Baba. Kuma in bugun ya wuce ƙima, ba abin da zai iya. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Jami'in ya runtse ido, ya ɗauka magana ta lalace. Ni kuwa na ga fuskar Yaya ta saki, irin sakin da ban gani ba tun ranar reza.

Ya ce da ni, "Malam Ƙarami, gora ce. Gorar da nike hawa in shiga gulbi, ba ta hana ruwa cika, ba ta korar kada. Iska ce kawai a ciki, ni na ƙwaƙule ta da hannuna. Tana riƙe ƙirjina bisa ruwa, saura na Allah ne." Ya sake duban injiniyan. "Duk waɗanda suka taɓa ɗaura mini abu a ƙugu, ba wanda ya ce mini ga inda ba shi aiki. Kowa cewa yake shina maganin komi. Sai kai."

Sannan ya tambaye ni, a matsayin wanda aka yi rantsuwar a gabansa, ko yanzu ya san cikin abin. Na ce ya faɗa mini da bakinsa in ji. Ya lissafa da yatsu: yadi ninkakke, bututu, tukunyar iska, da abin da ke jin bugu. Ba rubutu, ba gashi, ba ƙashi. Na ce, "Ka san shi fiye da yadda na san nawa, ga shi kuwa tun ɗazu yana ƙuguna."

Ya yi bisimilla ya ɗauki bel ɗin. Sai ya ɗaga gaban rigarsa, ya murɗa bel ɗin ya juya kumburin ciki, yana ƙoƙarin manna shi ga fatar cikinsa ya saki riga a kai. Hannu ya riga ya saba, haka ya ɗaura guru duk rayuwarsa. Bakin ƙarfen ya ƙi shiga. Injiniyan ya yi dariya ya ce, "A'a Baba, wannan ba a ɓoye shi. Bisa riga ake ɗaurawa, fuskarsa na kallon bango, kowa na gani." Ya warware murɗin, ya gyara masa rigar, ya bar shi ya tura ƙarfen da kansa. Muka ji ƙaras.

Wani daga baya ya yi kabbara, jirgi ya ɗauka. Jami'in ya share gumi ya ce, "Baba, Allah ya sa kada ka sake wata rantsuwar sai mun dawo." Injiniyan ya miƙe zai fita, Yaya ya ce ya tsaya, ya ɗora masa hannu a ka ya sa masa albarka, ya ce Allah ya tsare hannun da yake duba kayan mutane da shi. Mutumin ya ce amin, ya ce mu yi masa addu'a in mun isa. Aka rufe ƙofa.

Da jirgi ya fara gudu na kama hannun kujera ina karanta abin da ya zo bakina. Yaya kuwa ya leƙa taga. Da muka ɗaga, fadama ta bayyana a ƙasa, gulbi yana walƙiya cikin rana, ya ce yana jin ya gane mashigar da yake ajiye jirgin ruwansa. Ban gaskata ba, amma ban musa ba. Hannunsa ɗaya na kan kumburin bel ɗin, yadda yakan ɗora shi a wuyan gora.

Jakar ba ta buɗe ba, Alhamdu lillahi, mun sauka Madina lafiya. Yaya ya yi aikinsa duka, wani wuri a keken guragu, wani wuri da sandarsa. Ranar da ya fara ganin ɗakin Allah ina gefensa. Ya tsaya ya kalle shi da idonsa biyu, bai sunkuyar da kai ba, hawaye na bin gemunsa. A cikin waɗanda ya ambata a addu'a na ji ya ce, da yaron nan na Zuru.

A dawowa wani jirgi aka ba mu daban, aka sake zaunar da mu a layin farko saboda ƙafar. Yaya ya ɗauko bel ya ga siriri ne, ba kumburi ko kaɗan. Ya kira jami'inmu ya ce, "Ina jakar tawa?" Jami'in ya ce shi dai ya shiga uku da tsohon nan, da jaka rigima, ba jaka rigima. Mahaucin Masama ya ce a ba shi aron fatar akuya ya hura masa wata. Wani ma'aikacin jirgin ya yi bayani cewa bangon wannan ya yi nisa da kujera, kai ba zai kai gare shi ba. Yaya ya miƙa sandarsa ya auna tazarar, ya gamsu. Ya lanƙwasa bel ɗin biyu, ya mammatsa shi daga farko har ƙarshe, ya ce, "Wanga ba komi ciki." Ya ɗaura shi bisa riga, muka kamo hanyar gida.